Inna Akawu da Kurakuran Aro

Inna Akawu ba ta taɓa yarda da takardar da ta zo hannunta fes ba. In ta duba shafi ba ta ga kuskure ba, sai ta ɗaga shi wajen haske, ta juya bayansa, ta sake dubawa, don a ganinta wani abu aka ɓoye. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga tafireta a wani ofishin kula da ma'aikata, cikin ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai kuka. A can ta samo wannan hali, tare da ciwon wuya da sunan da ya biyo ta har gida. Manya takwas ta yi wa aiki. Babu wanda Turancinsa bai bi ta ƙarƙashin fensirinta ba, kuma babu wanda ya taɓa cewa an gode. Sai dai su sa hannu, su gyara zaman riga, su tafi taro ana yaba musu iya magana.

Tana da hanyarta ta gyara, kuma ba ta sake ta ba har ta tsufa. Daga ƙasa take farawa. Ta ɗora rula a kan shafi ta rufe komai sai jimlar ƙarshe, ta gyara ta, sannan ta matsa sama. In an tambaye ta dalili sai ta ce wanda ya bi magana daga farko, daɗin labari ne zai ja masa ido ya tsallake kuskure. Gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ne dalilin ba. Takardun ofishin nan na canjin wurin aiki ne da na tuhuma da na sallama, kuma mai son ta yi barci ba ta son sanin abin da ke cikinsu. Duk da haka wani lokaci sai ido ya zame. Ta san an sallami masinjansu kwana tara kafin shi ya sani, yana ta kawo mata ruwa kowace safiya yana yi mata barkwanci. Daga nan ta riƙe abu ɗaya: ba a cutar mutum kwatsam, sai an fara rubutawa a wani wuri.

Da ta bar aiki, mijinta kuma ya rasu, sai ta koma gidan Auta, ɗanta mai gyaran firiji. Ita ta zaɓi ɗakin da ke jikin titi, don tana son jin motsin mutane. Tagarta ta zame mata ofis. Daga nan take lura da mai kanti in yana danna sikeli da yatsa, da maƙwabciyar da ke fita da jaka a cike ta dawo da ita a lanƙwashe. Tana da wata 'yar, babbar, ma'aikaciyar jinya a wani gari mai tafiyar awa shida, a hawa na uku na wani gidan bene. Sau ɗaya Inna ta je. Ta hau matakalar nan da gwiwoyinta masu ƙara, ba ta sake sauka ba sai ranar komawa, ta kuma rantse a ranta ba za ta ƙara ba.

Matar Auta kuwa shekara tara ke nan da aure, da 'ya'ya uku, amma har yanzu Amarya ake ce mata. Ba su taɓa faɗa da Inna ba. Inna dai tana ganin mutumin da bai taɓa ɗaga maka murya ba a shekara tara, akwai abin da yake tarawa.

Da ƙaramar 'yar Amarya ta shiga makaranta, sai ita ma ta shiga ajin manya na bayan azahar, tana so ta kammala sakandaren da ta bari. Wata rana ta durƙusa a bakin ƙofar Inna da littafin rubutu a hannu.

"Inna, da za a taimaka a duba mini. Malam ya ce Turancina kamar an zubar da kaya a kan hanya."

"Shi nasa a jere yake? Kawo in gani."

Inna ta goge tabarau, ta ɗauko rula. Ba ta nuna ba, amma ta ji daɗi har cikin ƙashinta. Shekara bakwai ke nan ba wanda ya miƙo mata takarda sai ta asibiti.

Kowane mutum da irin kuskurensa, kamar yadda kowa da irin tafiyarsa, kuma cikin sati biyu Inna ta haddace na Amarya. Tana mayar da mace namiji a tsakiyar jimla. Tana fara abu a jiya ta ƙarasa shi a yau. Tana barin ƙananan kalmomin nan da ke tsayawa gaban suna, kamar ba ta ga amfaninsu ba. Sannan ga son manyan kalmomi daga ƙamus, abin da Inna ta fi tsana.

"Wannan kalmar daga ina kika jajibo ta? Cewa za ki yi yaro ya ci abinci, kin rubuta kamar gobara ta cinye kasuwa. Ki nemi ƙaramar da ta yi daidai da bakinsa."

Amarya ta yi dariya ta gyara. Tana da kai, wannan ko Inna ba ta musa ba. Cikin wata huɗu mace ta zauna a mace, jiya ta zauna a jiya. Har ta kai Inna tana bin shafi guda ba ta sami inda za ta ɗiga fensir ba sai wuri ɗaya ko biyu, ta mayar da littafin tana ƙunƙuni kamar an hana ta abinci.

Sai malamin ajin ya ba su sabon aiki: kowa ya rubuta gajeren labari, jimla takwas kowane sati, har ya ƙare. Amarya ta kawo takwas ɗin farko. Inna ta ɗora rula ta fara daga ƙasa, sai ta tsaya. Mace ta koma namiji. Ta matsa sama, jimla biyu lafiya lau, ta uku kuma ga jiya da yau a cakuɗe. Ta leƙo ta saman tabarau.

"Ke, lafiyarki? Wannan ai mun binne shi tun watan jiya."

"Sauri na yi, Inna."

Inna ba ta yarda ba. Ta san kuskuren sauri: harafi ne ke faɗuwa, rubutu ya karkace. Wannan rubutu kuwa a zaune yake, kowane harafi da wutsiyarsa. Sati na biyu ma haka. Abin da ya fara zuwa mata shi ne wani ne ke rubuta wa yarinyar nan. Ta kwatanta hannun da na shafukan baya, iri ɗaya ne. To, wani ne ke faɗa mata tana rubutawa. Wa? Ta zargi maƙwabciya mai jaka, sai ta tuna ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ta zargi waya. Ta zargi malamin ma, har ta tambayi Amarya shekarunsa da ko yana da iyali, aka ce mata tsoho ne mai sanda, ta ji haushin an rufe mata wannan ƙofar.

Ta gwada tarko. Ta rufe littafin, ta faɗi jimla da Hausa, irin wadda Amarya ta ɓata a shafin, ta ce ta juya mata da baki. Amarya tana yankan albasa ta juya ta daidai, ko numfashi ba ta ja ba. Nan Inna ta tabbata. Mutumin da ya san daidai ya rubuta ba daidai ba, da gangan ya yi. Waɗannan kurakuran aro ne. Sai ranta ya ba ta cewa tausayinta ake ji, ana ajiye mata kuskure kamar yadda ake bai wa yaro tsintsiya ya yi wasa don kada ya dami mutane. Wannan tunani ya ƙona ta ƙwarai.

A sati na uku ta ci karo da wata kalma da ta sa ta ajiye fensir. Jimlar ta ce za a tura tsohuwa, amma kalmar da Amarya ta sa irin wadda ake yi wa buhuna ce in za a loda su a mota a kai wani gari.

"Zo nan. Mutum ne wannan ko kaya? Me kike so ki ce?"

Amarya ta tsaya tana murza bakin zani. "Da za a karanta daga sama, Inna, a ji yadda ya taho."

"Au, yau ke za ki koya mini aikina? Ina gyara takarda tun ba a haifi mijinki ba."

"Allah ya ba da haƙuri."

Amarya ta shirya ta tafi aji. Sai da ƙarar ƙofar gida ta mutu Inna ta lura littafin yana nan a kan tabarma. Amarya ba ta taɓa mantawa da shi ba, a jakarta yake kwana. Inna ta harare shi na ɗan lokaci. Sannan ta jawo shi, ta ture rular gefe, ta yi abin da ba ta saba yi ba.

Labarin wata tsohuwa ne da ke zaune da ɗanta. Ɗan yana da shago, mai shagon ya ce ya tashi kafin ƙarshen wata. Tsohuwar tana da ɗaki a jikin titi. In aka fasa bangon aka sa ƙofar ƙarfe, ya zama shago. Sai aka shirya a ce mata 'yarta tana son ta zo a duba mata gwiwa, kwana goma kawai. Za ta tafi da ƙaramar jaka. Sauran kayanta za su bi ta daga baya.

Inna ta karanta sau biyu. Tsoro ne ya fara kama ta, sai fushi ya zo ya danne shi, kuma ta fi son fushin. Wato abin da aka yi shekara tara ana tarawa ke nan! Yarinyar nan ɗakinta take so, har ta kai ta rubuta burinta a takarda ta miƙo mata ta gyara mata Turancinsa. Inna ta ga manya masu rashin kunya a ofis, amma ko su ba su taɓa ba mutum takardar sallamarsa ya duba musu ba.

Kwana biyu tana sa ido. Ta daina cin abin da Amarya ta zuba mata ita kaɗai, sai wanda aka ɗebo daga tukunya a gabanta. In Amarya ta shigo shara, sai ta bi tsintsiyar da kallo, ko tana auna faɗin ɗakin ne. Da yamma Auta ya dawo da warin man inji a jikinsa, ya tsuguna ya gaishe ta.

"Inna, ya gwiwar? Yaya tana ta tambayarki fa. Ta ce akwai wani likitan ƙashi a wurinsu, hannunsa da kyau."

"Ta gode," in ji Inna.

Ta tuna kuma makon jiya wani mutum ya tsaya a waje yana ƙwanƙwasa bangonta da bayan guduma, Auta ya ce mai duba wayar lantarki ne. Ba ta ɗora wa Auta laifi ba ko kaɗan. Yaron da ta goya ba zai yi wannan da kansa ba, zuga shi aka yi.

Sai dai sana'a ba ta barin mutum ya huta da abin da yake so ya yarda da shi. Rana ta uku da hantsi, gida ba kowa sai ita da Amarya a kicin, ta sake ɗauko littafin don ta tara hujja. Jimla ashirin da huɗu ne. Ta bi inda fensirinta ya ɗiga. Jimlolin da ke maganar zafin rana, da yara suna wasa, da kyanwa a kan katanga, duk tsaf suke, ko waƙafi bai goce ba. Kuskure yana wuri bakwai ne kawai. Ta rufe sauran ta karanta bakwai ɗin a jere: shago, bango, 'yar da ke nesa, kwana goma, ƙaramar jaka, mota, Asabar ta ƙarshen wata. Ta ɗaga kai ta dubi kalandar da ke rataye bayan ƙofa. Yau Laraba, saura kwana uku.

Ta juya abin ta kowace fuska tana neman inda makircin yake, don ta fi sabawa da shi. Amma ta buga takardun sallama da yawa, ta san mai son ka tafi ba ya gaya maka rana. Yarinyar nan ta san Inna ba ta karanta labari, kuskure kawai take gani. Shi ya sa ta dasa shi a inda take so idonta ya tsaya, sati uku tana yi, ita kuwa tana gyarawa tana miƙa mata.

Ta dafa bango ta miƙe, ta nufi kicin. Amarya tana wanke tukunya.

"Tsohuwar nan ta labarinki, matar ɗan ba ta ce komai ba? Ban ga an ambace ta ba."

Amarya ba ta juyo ba. "Ta ce, Inna. Ta ce a nemi wani shagon ko da a lungu ne. Aka ce mata ba a sa bakinta ba."

"Shi ne ba ta je ta gaya wa tsohuwar ba?"

"An sa ta ta rantse ba za ta faɗa ba." Ta ci gaba da gurzar tukunyar da ta riga ta fita. "Ba a dai ce kada ta yi aikin makaranta ba."

"Wa ya kawo shawarar tun farko? Yayar?"

Inna ta so ƙwarai a ce yayar ce, ko magini, ko mai shago, ko wani abokin banza.

"Ita yayar ma kwana goma aka gaya mata," in ji Amarya a hankali.

Inna ta zauna a kan kujerar tsuguno. Kunya ta kama ta, ta abincin da ta ƙi ci da kallon da ta bi tsintsiya da shi. Ba ta iya ba da haƙuri ba, ba ta taɓa koya ba. Abin da ta iya cewa shi ne, "Kalmar nan ta buhuna, ki bar ta yadda take. Ita ce daidai."

"Malam ya ce a kai ƙarshen labarin ranar Litinin. Ni kuwa ban san ƙarshen ba."

"Kawo mini farar takarda. Littafinki kuma ki mayar jaka, kada ya ƙara kwana a waje."

Da la'asar ta zauna ta kwafe labarin da hannunta, da rubutun nan nata mai tsayi na mutanen da. Ta cire kyanwa da zafin rana. Ta sauya wasu kalmomi zuwa irin nata, yadda duk wanda ya san ta zai ce ita ta ƙaga. Shafi ɗaya ya ɗauke shi.

Auta ya dawo kafin magariba, ya yi wanka, aka ajiye masa abinci a tsakar gida. Ya kai loma biyu ke nan Inna ta fito ta zauna a gefensa, abin da ba ta saba ba.

"Ganin matarka tana rubuce-rubuce, ni ma na gwada. Kai ka yi makaranta, duba mini ko akwai kuskure."

Ya yi dariya yana goge hannu. "Ni zan duba miki Turanci, Inna? Ai sai dai in ƙara ɓatawa."

"Duba dai."

Ya karɓa yana murmushi. Tana kallon idonsa yana sauka layi bayan layi, ta ga inda murmushin ya tsaya, a kan bango ne. Ya kai ƙarshe bai ɗago ba. Duk rayuwarta ba ta taɓa son a kama ta da kuskure ba, amma a wannan lokacin roƙo take a ranta ya ce mata duk shirme ne, ya yi fushi ma, ya ce wane irin zargi ne wannan.

"Wa ya gaya miki?" Ya juya yana neman ƙofar kicin da ido.

"Kalle ni nan. Mai lantarki da guduma yake aiki? A jikin bangon nake kwana, ba kurma ba ce ni. Ba shi na tambaye ka ba. Na ce akwai kuskure?"

"Inna, ba yadda kike tsammani ba ne. Mai shagon nan ya ba ni kwana ashirin, na zaga ko'ina ban samu ba. Firijin mutane goma sha ɗaya ne a hannuna, ina zan kai su? In abubuwa suka daidaita zan gina miki wani a baya, wallahi niyyata ke nan."

"Da ka zo ka tsuguna ka ce, Inna, ina son ɗakinki, kana jin zan hana ka?"

Ya ture kwanon abincin gefe.

"To, amsa mini wadda na fara yi. Abin da ke takardar nan, akwai inda ba haka ba ne?"

Ya sake duban shafin, kamar mai neman wurin ɓuya a cikinsa. Muryarsa ta yi ƙasa har sai da ta karkato kunne.

"Ranar ce kawai. Direban ya ce ba zai samu Asabar ba, sai Juma'a."

Inna ta gyaɗa kai. Zuciyarta ta karye, ta kuma ji karyewar sarai.

"Jibi ke nan," in ji ta.

Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe, don babu wani abin dafawa kusa. A bakin kicin Amarya tana tsaye da murfin tukunya a hannu, hawaye na zuba. Inna ta tsaya a gabanta.

"Share fuskarki, yara za su shigo. Gobe da sassafe ki zo ki taya ni ninke kaya. Ba ƙaramar jaka zan ɗauka ba, duka za mu haɗa."